Yadda Ake Tarbar Sabon Ɗan Kwikwiyo a Kwanakinsa na Farko a Gida

Mafi yawan gidajen da ke ɗauko ɗan kwikwiyo a wurarenmu suna yin haka ne domin gadi, wasu kuma domin farauta ko tsaron garke, saboda haka hankalin mai gida yakan tafi kan ƙaton karen da yake fatan gani nan da shekara guda, ya manta cewa abin da ke cikin kwalin da ya shigo da shi jariri ne da aka raba da uwarsa da 'yan'uwansa da safiyar ranar. Kwikwiyon da ya samu natsuwa a makonninsa na farko, ya gane hannun da ke ba shi abinci, ya san inda zai kwanta babu fargaba, shi ne yake girma ya zama kare mai hankali wanda ke bambance ɗan gida da ɓarawo. Wanda aka tarba da tsawa da duka da ɗauri kuwa matsoraci yake tashi, kuma matsoracin kare shi ne mai cizon yara da baƙi. Duk shawarar da ke tafe a kan wannan tushe na gina ta.

Kafin ka ɗauko shi

Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 ba, ko da kyauta aka ba ka. Idanunsa ba sa buɗewa sai ya kwana 10 zuwa 14 a duniya, ba ya fara lasar abinci sai a mako na 3 ko na 4, kuma makonnin da suka biyo baya su ne lokacin da yake koyon ladabi a wurin uwarsa. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi a cikin wasa, ɗan'uwan ya yi ƙara ya daina wasan, a nan yake gane cewa haƙori yana da iyaka, kuma babu mutumin da zai koya masa wannan darasi kamar yadda 'yan'uwansa za su koya masa. Masu sayarwa da yawa suna son rabuwa da 'yan kwikwiyo tun suna mako 4 ko 5 domin su huta da ciyarwa, don haka ka je da ƙafarka ka ga uwar da wurin da take kwana. Ka duba idon kwikwiyon ko yana kwantsa, ka ɗaga leɓensa ka ga ko dasashinsa ja-ja ne mai haske, ka leƙa cikin kunnuwa da tsakanin yatsu ko akwai kaska, ka kuma lura ko cikinsa ya kumbura alhali haƙarƙarinsa a waje suke, domin wannan alamar tsutsar ciki ce.

Ka tambayi abin da yake ci da lokutan da ake ba shi, ka karɓi ɗan guzurin kwana biyu ko uku na wannan abincin. Ka nemi katin rigakafi mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun likita, kada ka yarda da maganar baki. Na taɓa sayen wani a bakin titi a hannun mutumin da ya rantse mini cewa an yi masa allura, ban nemi kati ba saboda kunya, a kwana na biyar ya fara amai da zawon jini, kafin a cika mako mun binne shi a bayan katanga, yarana kuma suka yi kwanaki suna kuka. Abu na ƙarshe da za ka roƙa shi ne tsumman da uwar ta kwanta a kai, ko ka je da naka ka goga a jikinta. Zai yi maka amfani a daren farko fiye da duk abin da za ka saya da kuɗi.

Shirya masa wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a gyara makwancinsa tun kafin ya iso. A gidajen Musulmi da dama ba a shigar da kare ɗakin kwana ko wurin salla, kuma wannan ba ya hana a kyautata masa. Hadisi ya halatta riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata, kuma kowa ya san labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗauko dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta da inuwarta. A ware masa kwanonsa na abinci da na ruwa waɗanda ba sa haɗuwa da kwanukan gida, sannan a zaɓar masa lungu mai rufi kusa da inda mutane ke zama, kamar ƙarƙashin baranda ko gefen ɗakin mai gida, inda zai riƙa jin motsi da muryoyi. Can ƙuryar bayan gida kusa da makwarara ba wurin jariri ba ne.

Babban kwali ko akwatin katako da aka rage tsawon gefe ɗaya ya isa makwanci, a shimfiɗa buhu da tsumma mai laushi, a ɗora shi a kan katako ko bulo domin kada ya taɓa ƙasa. Idan hunturu ne a kare shi daga iska a ƙara masa shimfiɗa, domin ƙaramin kwikwiyo ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Idan bazara ce kuwa, inuwa da ruwa su ne kan gaba, kuma a guji keji mai rufin kwano da rana ke duka, saboda kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafi, kuma irin wannan keji yana iya kashe shi a yini ɗaya, musamman karnukan ƙasashen waje masu yawan gashi. Da damina a kula kada ya riƙa kwanciya a kan yashin da fitsari ya taɓa, domin akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a irin wannan wuri, tsutsar ta huda fata ta zauna a ciki, sai ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya sun feso a ciki da ƙafafu.

Daga nan ka durƙusa ka dubi tsakar gidan daga tsayin kwikwiyo. Maganin ɓera da fiya-fiya da takin zamani da kananzir a ɗauke su zuwa sama, wayar wuta da ta cajin waya a naɗe su, a rufe bakin rijiya da ramin masai, a kife bokitan da ke da ruwa, a toshe ƙarƙashin ƙyaure da rariyar da zai iya kutsawa ya fita titi. Duk abin da ya samu a ƙasa bakinsa zai kai.

Ranar zuwa da daren farko

Ka ɗauko shi da safe, a ranar da za ka wuni a gida, domin ya samu yini guda yana sanin wurin kafin duhu ya shiga. A hanya ka riƙe kwalin a cinyarka, kada a sa shi a but ɗin mota ko a ɗaure shi a bayan babur, kuma kada a cika masa ciki gab da tafiya don yana iya yin amai. Da kun iso, kafin komai, ka sauke shi a wurin da ka zaɓa ya riƙa yin kashi da fitsari, ka tsaya shiru har ya yi, sannan ka yaba masa da murya mai taushi. Bayan haka ka nuna masa ruwa da makwanci, ka bar shi ya sunsuna wurin da kansa.

Yara ne babbar jarrabawar wannan rana. Za su so kowa ya ɗauka, su kira abokansu na unguwa, su yi ta ihu suna bin sa. A zaunar da su a ƙasa, a bar kwikwiyon ya zo wurinsu da ƙafarsa, ɗaya bayan ɗaya. A koya musu ɗaukarsa da hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, ban da ɗaga shi ta ƙafafun gaba ko wutsiya. A kafa musu doka cewa ba a taɓa shi idan yana barci ko yana cin abinci, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan wasa. Kwikwiyo mai wata 2 yana barcin awa 18 zuwa 20 a kowace rana, kuma wanda aka hana barci yakan zama mai yawan cizo da rigima kamar yaron da ya gaji. Kada a yi masa wanka a wannan rana. Idan ya ɓaci a hanya, a goge shi da tsumma da ruwan ɗumi.

Da dare zai yi kuka, kuma kukan yana da ratsa zuciya. Tun da aka haife shi bai taɓa kwana shi kaɗai ba, kullum a cunkushe yake da 'yan'uwansa yana jin ɗuminsu, yau kuwa ga duhu ga baƙon wari ga shiru. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, wani ya fito ya daka masa tsawa ko ya buga kwalin, wani ya kai shi can nesa inda ba za a ji shi ba. Duka biyun suna koya masa cewa gidan nan ba wurin aminci ba ne. Abin da ya kamata shi ne a ba shi abincin ƙarshe kamar awa uku kafin kwanciya, a yi ɗan wasa da shi, a kai shi ya yi fitsari, sannan a sa shi a makwanci tare da tsumman uwarsa. A cika gorar roba da ruwan ɗumi, a rufe ta sosai, a naɗe ta da tsumma a ajiye a gefensa, zai lafe a jikinta kamar yadda yake lafewa a jikin ɗan'uwansa. Idan da hali wani babba ya shimfiɗa tabarma kusa da shi a dare biyu ko ukun farko, ko a ajiye kwalin daidai ƙofar ɗaki, yadda idan ya fara kuka za a yi masa magana a hankali ya san ba a yashe shi ba. Idan ya farka tsakar dare yana kuka yana zagaye, mai yiwuwa fitsari ne ya matse shi, sai a ɗauke shi a kai shi wurinsa ba tare da wasa ko surutu ba, a dawo da shi ya kwanta. Yawanci kukan yana raguwa daga dare na uku zuwa na biyar. Yana da kyau ka sanar da maƙwabta tun da rana, ka ba su haƙuri.

Abinci da ruwa

A kwanakin farko a ci gaba da ba shi abin da ya saba ci. Idan za a sauya, a yi shi a hankali cikin mako guda, ana ƙara sabon ana rage tsohon, domin sauyin gaggawa yana kawo zawo. Har ya kai wata 3 a ba shi sau 4 a rana, daga nan zuwa wata 6 sau 3, bayan haka sau 2, kuma a tsayar da lokutan, domin tsayayyen lokacin ci shi ke kawo tsayayyen lokacin kashi. A ajiye kwanon minti 15, abin da ya rage a ɗauke, kada ya yi tsami ƙudaje su bi shi. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke a gabansa, a kwano mai nauyi wanda ba zai kifar ba.

Wanda ke da halin sayen abincin kanti da aka haɗa musamman domin 'yan kwikwiyo ya huta, sai dai ya jiƙa shi da ruwan ɗumi a farko. Wanda zai dafa a gida ya sani cewa ragowar tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa gina jikin dabbar da ke girma da sauri haka. Yana buƙatar dafaffen ƙwai, ko nama, ko kifin da aka cire wa ƙaya, a cakuɗa da shinkafa mai laushi ko dankali ko kabewa, ba yaji ba gishiri mai yawa, kuma a nemi likita ya faɗi abin da za a ƙara domin ƙashi. Miyarmu ba ta dace da shi ba, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Haka kuma goro da cakulan da inabi guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji, madarar shanu kuma tana sa da yawansu gudawa, duk da cewa ita ce abin da mutane ke fara miƙa wa kwikwiyo don tausayi. Idan ya ƙi ci a yinin farko saboda baƙunta ba abin tashin hankali ba ne matuƙar yana shan ruwa yana wasa, amma idan ya kwana ya wuni bai ci ba, a kai shi asibiti.

Koyon wurin kashi da fitsari

Wannan aikin naci ne kawai. A kai shi wurin da aka ware da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa, da kuma kusan kowace awa biyu a tsakani, domin mararsa ba ta iya riƙo fiye da haka. Idan ka ga yana sunsunar ƙasa yana juyawa, ɗauke shi nan take. In ya yi a wurin da ya dace a yaba masa a daidai lokacin. In ya yi a inda bai kamata ba a wanke wurin sosai har warin ya fita, a yi shiru. Dangwara masa hanci a cikin kashin ba ya koya masa komai sai ɓuya a bayan randa idan zai yi na gaba. A kwashe kashin kullum a zuba a masai ko a binne, saboda ƙwan tsutsar da ke cikinsa yana iya kama yaran da ke wasa da ƙasa.

Ganin likita

Cikin kwana biyu ko uku da zuwansa a kai shi wurin likitan dabbobi, ko da lafiyarsa ƙalau. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai kuma na koyarwa a jami'o'i kamar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. A riƙe shi a hannu ko a kwali, kada a sauke shi a ƙasan asibitin inda marasa lafiya suka taka. Likita zai auna shi ya ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, domin kusan kowane kwikwiyo yana samun tsutsa daga uwarsa tun yana ciki ko ta nono, kuma ana maimaita maganin kowane mako 2 a farko, daga baya wata-wata har ya kai wata 6. Allurar da ke kare shi daga cututtukan karnuka da ake kira fabo (parvo) da distamfa (distemper) da kuma ciwon hanta ana fara ta a mako na 6 zuwa na 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kusan mako 16.

Fabo ita ce ta kashe wancan kwikwiyo nawa, kuma ita na fi jin tsoro. Ƙwayar cutar tana fita a kashin mara lafiya, tana zama a ƙasa watanni masu yawa, tana bin takalmi ta shigo gida. Alamunta su ne kasala, ƙin abinci, amai a kai a kai, da zawo mai jini mai mugun wari, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke saurin kashewa. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, kada kuma ya ba shi maganin mutane, domin farasitamol da magungunan ciwon jiki suna iya halaka shi. Idan kare ya taɓa mutuwa da wannan cuta a gidan, a wanke daɓen siminti da kwanuka da ruwan bilic, ma'auni 1 a cikin ma'auni 30 na ruwa, a ƙone tsofaffin tsummoki, kuma a faɗa wa likita kafin a kawo sabo. Kaska ma a cire ta da zarar an gani, a kama ta daf da fata a ja a miƙe, a kuma karɓi maganinta a hannun likita, domin fesa masa fiya-fiya ko shafa masa baƙin mai yana kashe kwikwiyo kafin ya kashe kaskar.

Allurar haukan kare ana yin ta idan ya kai wata 3, kuma wannan kariya ce ga iyalinka da maƙwabtanka gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da wannan allura. Idan kwikwiyon da ba a san asalinsa ba ya ciji wani har fata ta huje, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Sabo da mutanen gida da dabbobi

Akwai masu cewa idan ana son kare ya yi zafi sai a kulle shi a duhu kada ya ga kowa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin na ga abin da yake haifarwa, wato kare da ke afka wa ɗan maƙwabci da ya shigo aike, amma ya ruga ya ɓuya idan ya ji ƙarar gaske. Daga mako na 3 zuwa wajen na 14 ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo take karɓar sabon abu cikin sauƙi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan kwana biyu ko uku, idan ya fara sakewa, a riƙa gabatar masa da duk wanda ke da hurumin shiga gidan: mata da yara da tsofaffi, mai kawo ruwa da kurarsa, almajirin da ke yi wa gida aiki, mai babbar riga da mai hijabi. Ya ji ƙarar janareta da babur da turmi daga nesa tukuna, ana ba shi ɗan abin ci a lokacin. Halin gadi zai zo da kansa idan ya girma ya san iyakar gidansa.

Kaji da awaki da kyanwa a haɗa su da shi ana riƙe da shi, na ɗan lokaci kaɗan a kowace rana, kuma kada a taɓa barin sa ya kori kaza ana dariya, domin abin da ya fara da wasa yana wata 2 zai ƙare da yanka kaji yana wata 8. Akuya mai ɗa tana iya tunkuyinsa ta ji masa ciwo, sai a kula. Idan akwai babban kare a gidan, a tabbatar yana da rigakafi, a raba musu kwano, kuma kada a bar su su kaɗai a makon farko.

A zaɓar masa suna gajere, Duna ne ko Bobi, kowa ya riƙa kiransa da shi, kuma a kira sunan lokacin abinci da wasa, ban da lokacin faɗa, domin ya riƙa zuwa da gudu idan ya ji. Zai riƙa cizon hannu da gefen zani saboda haƙoransa na nono 28 masu tsini ne, kuma daga wata na 4 za su fara zubewa dasashi ya yi masa ƙaiƙayi. Idan ya kama hannu a janye a daina wasan na ɗan lokaci, a miƙa masa igiya mai kauri da aka ƙulla ya tauna. A sa masa abin wuya mai laushi wanda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuyan, a riƙa dubawa kowane mako saboda saurin girmansa, amma kada a ɗaure shi da sarƙa a turke ya wuni. Haka nan a riƙa barin sa shi kaɗai a makwancinsa na minti 5, gobe 10, ana ƙarawa, domin ranar da kowa zai fita ba za ta zo masa da firgici ba.

Wajen ƙarshen mako na farko za ka ga ya fara cinye abincinsa tas, yana tarbarka da kaɗa wutsiya idan ka buɗe ƙofa da asuba, yana kwanciya a gefe ɗaya ya miƙe ƙafafu maimakon dunƙulewa a lungu. Ko da ka ga haka, kada ka fita da shi titi ko kasuwa ko inda karnukan unguwa ke yawo sai bayan mako ɗaya ko biyu da allurarsa ta ƙarshe. Ka rubuta ranar allura ta gaba a kalandar bango inda kowa zai gani, ka adana katin tare da takardun asibitin yara.